Amo ko Hannu? Inda Fiyano Ke Gazawa Wajen Kwaikwayon Goge da Kalangu

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin masu nazarin kiɗan zamani, cewa abin da ya hana fiyano kamo goge ko algaita shi ne rashin ingancin amon da aka naɗa a cikinsa. A inganta naɗin, magana ta ƙare. Ina ganin an kuskure wurin ciwon.

Matsalar a hannu take. A tsarin MIDI na 1983, wanda kayan kiɗan lantarki ke aika saƙo da shi, idan yatsa ya sauka a madanni, saƙon da ke fita shi ne wane sauti ne da ƙarfin bugunsa, a ma'auni daga 0 zuwa 127. Wannan ya kusa wadatar da gurmi ko kuntigi, domin da an kaɗa tsirkiya amo ya kama gabansa. Mai goge kuwa a nan aikinsa ke farawa: ya danna izga, ya sassauta, ya zame yatsa. Mai kalangu yakan matse igiyoyi a hammata bayan bugu, amon ya hau ko ya gangaro yana bin karin sautin Hausa, har mai sauraro ya tsinci kirari a ciki.

Mai wancan ra'ayi zai ce ai akwai 'yar tayar lanƙwasa sauti a gefen hagu na fiyano, tun fiyanon Minimoog na 1970. Hujja ce mai nauyi, kuma dole ta taƙaita da'awata: a waƙa mai layi ɗaya, ƙwararren hannu yana iya kusantar zamiyar goge. Sai dai tayar tana cinye hannun hagu ɗungurungum, tana kuma lanƙwasa duk sautukan da aka riƙe tare, sannan ba ruwanta da nauyin izga. Kamfanonin ƙera fiyano da kansu sun fahimci haka. Yamaha CS-80 na 1977 yana jin matsin kowane yatsa daban bayan an danna, DX7 na 1983 yana karɓar bututun hurawa, tsarin MPE na 2018 kuma ya ba kowane sauti hanyarsa, yadda a kan fiyanon Seaboard na kamfanin ROLI yatsa ɗaya zai zame sauran suna tsaye. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya shafi naɗin amo. Duk hannu da numfashi aka buɗe wa ƙofa.

Don haka ina kira ga manazarta da masu situdiyo: kafin a naɗi amon goge, a zauna da mai gogen a nazarci yatsunsa.