Iri da Reshe a Fadamun Bakolori

Itacen kiwi ɗan asalin ƙasar Sin ne. A 1904 wata mata mai suna Isabel Fraser ta kai irinsa New Zealand, ya karɓi ƙasar saboda sanyinta. Zafin Talata Mafara ba nasa ba ne, amma dabarar yaɗa shi, ta iri ko ta reshe, daɗaɗɗiya ce a nan: a binne gaɓar rake, a kafa itacen rogo, a dasa yaɗon dankali, albasa kuwa a rene ta daga iri.

A da ambaliyar damina ce ke jiƙa fadamun yankin, har kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar Bakolori a 1978. Tafkin madatsar ya cinye gonaki a Maradun. Manoma suka nemi diyya, a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, raunin da bai warke ba.

Yau shinkafar rani ake dasawa a bakin magudanan Bakura.