Magina a Illela: Daga Zanen Ƙasa zuwa Zanen Takarda

Sana'ar gini a Illela, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar daura da Birnin Ƙonni, gado ce kamar a sauran ƙasar Hausa. Yaro kan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya daɗe yana yi kafin a yarda ya jera azara.

Abin da ake koya masa a ƙarshe shi ne gano ainihin buƙatar mai gida. Magini kan tsaya da shi a fili, ya tambayi yawan iyalinsa, da inda zaure zai fuskanta, da wurin rumbu da turken dabbobi. Sannan ya auna da taku, ya shata ɗakuna a ƙasa da sanda. Mai gida ya shiga zanen ya zagaya. In ɗakin uwargida ya matse, a share a sake, ba a yi asarar ko tubali ɗaya ba.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka tsayar da iyaka. Gine-ginen hukuma suka zo da zanen takarda, daga baya siminti da bulo da kwano suka bazu. Kasuwar Lahadi da hada-hadar iyaka suka ƙara buƙatar shaguna da ɗakunan ajiya. Nan gwanayen magina suka ci karo da aikin da sai an karanta ma'auni kafin a tona harsashi.

A 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun ITF don horar da masu aiki, hukumar ilimin fasaha ta NBTE kuma ta biyo a 1977. Sai dai magini magidanci ba ya iya ajiye cokalin gini ya koma aji, shi ya sa da yawa suka koyi karatun zane a bakin aiki, wajen injiniya ko ɗan kwangila.

Masu ƙera jirage da manhajojin kwamfuta ma haka suke fama. An tsayar da harsunan zane na UML a 1997 da SysML a 2007 don a fayyace buƙatun wanda ya ba da aiki a taswira kafin ƙira, kamfanoni kuma na koyar da injiniyoyinsu suna kan aiki. A Illela ko a can, horon da ya fi kama jiki shi ne wanda aka ɗora kan aikin da ke hannun mutum da sanin da ya riga ya mallaka.