Takardar Masu Tafiya Gabas

A ƙauyukanmu na tsakanin Ɗambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona, da wuya ka sami zuriyar da wani nata bai yi gabas ba. Ƙasa ta daɗe da yi mana kaɗan. In an raba gado kowa ya tashi da ɗan fegi, sai a kama cin rani, wasu kuwa nasu cin ranin ya zarce har Makka.

Mutanen da a ƙafa suka tafi, da jakuna, ta Maiduguri su ratsa Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Tafiyar shekaru ce. Ana tafe ana ƙwadago, musamman bayan 1925, da aka buɗe gonakin audugar Jazira a Sudan. Ga kuma 'yan'uwa da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno. Shaidar mutum a lokacin bakinsa ne: ya faɗi garinsu da sunan ubansa, mai masauki ya ce ya san gidan, shi ke nan. Daga baya ne Turawa suka fito da fasfon alhazai da kuɗin ajiya na komowa, amma talakawa da yawa suka ci gaba da bin daji abinsu.

Jirgin sama da kuɗin fetur su suka sauya lissafi. Aka sami 'yan Kano-Jidda, aka sami takari, masu shiga da bizar Umara su maƙale. Wasu da gangan suke yar da fasfo don kada a gane ranar shigarsu. Ban ga laifin mai cewa sun yi ganganci ba, amma wanda ya ba da gonar gado jingina ya hau jirgi, da wane ido zai dawo hannu rabbana?

Baffana ba ya cikin waɗannan. Da bizar aiki ya tafi, direban gida, da igamarsa a aljihu. Fasfon kuwa tun ranar sauka kafili, wato uban gidansa, ya karɓe ya kulle, ko da yake dokar Saudiyya ta hana. Da albashi ya yi ta makara, Baffa ya bar gidan, uban gidan ya kai rahoton cewa ya gudu, abin da suke kira hurub. Nan take igama ta mutu. Ba asibiti, ba banki, ba aikin fili. In ya hango motar askarawa sai ya shige lungu. Ya ce min, "Ɗana, mutanen garinmu da suka san ni sun fi a ƙirga a Makka, amma ba wanda saninsa ya amfane ni a gaban jami'i."

Da aka yi babban kame bayan cikar wa'adin afuwar da aka yi wa marasa takardu a watan Nuwamban 2013, aka kwashe Baffa da ire-irensa zuwa Shumaisi, gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, da ke tsakanin Jidda da Makka. Can ake ɗaukar hoton yatsu, sannan jami'an ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya na Jidda su tantance mutum, su ba shi takardar tafiya ta gaggawa, wadda ba ta da amfani sai ta komawa gida. Abin tausayi su ne jikokin masu tafiyar ƙafa, haifaffun can, da ba su da takardar ko'ina. Akan sauke su a filin jirgin Malam Aminu Kano, Larabci a bakinsu, suna tambayar ƙauyen da kakansu ya bari.

A 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin kafala, sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba, kuma su ne yawancin namu. Baffa dai, bayan an dawo da shi gida, sai da ya yi rani uku yana dako a kasuwar Dawanau kafin ya fanshi gonarsa.