Duwatsun Sadakar Mutanen Fir'auna da Yadda Suka Bar Gida

Tun 2022, da aka cika shekara 200 da Champollion Bafaranshe ya warware rubutun mutanen Fir'auna, Zahi Hawass da waɗansu ma'abota ilmi na Masar suka farfaɗo da da'awar a mayar musu da Dutsen Rashid, wanda ke Landan tun 1802. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙananan duwatsun sadaka, waɗanda ba mai yi musu kuka, alhali ɗaruruwansu na jingine a gidajen tarihin Turai.

Asalinsu tun zamanin magina dala ne, sai dai bayan shekara ta 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, suka yawaita a Abidos, inda mutanen suka riya cewa nan kushewar gunkinsu Osiris take. Lafazin da ke rubuce a kansu kusan ɗaya ne: sarki ya yi baiko ga Osiris, domin wane ɗan wance ya sami gurasa da giya da shanu da tsuntsaye da tufafi, dubu-dubu, ga kuma surar mamacin zaune gaban tebur maƙare da abinci. Aƙidar ta jahiliyya ce, babu shakka.

Waɗansu sun ce alamar kabari ce kurum. Ban yarda ba, domin da yawa daga na Abidos babu gawa ƙarƙashinsu. Kusa da hanyar da ake bi da gunkin ranar idinsu aka kafa su, har waɗansu na roƙon mai wucewa ya tsaya ya karanta, ta yadda ko zuriya ta ƙare, bakin baƙo zai ciyar da mamaci.

A zamanin Muhammadu Ali Basha mai mulkin Masar, jakadun Turawa suka mayar da duwatsun haja: tarin Drovetti ya tafi Turin a 1824, na Salt Faris a 1826, na Anastasi Leiden a 1828, dokar hana fitarwa kuwa ba ta zo ba sai 1835, bayan an yi ɓarna.

Mu mutanen Shanga da Yauri da Ngaski ba baƙin maganar kayan tarihi ba ne, domin kafin ruwan Kainji ya cinye tsohuwar Busa da gungunan Gungawa a 1968, masu tonon tarihi sun haƙa tudu kusa da Yelwa, suka fitar da siffofin yumɓu, kuma haƙƙin 'ya'yanmu ne a nuna musu su a ƙasar da aka tono su.