Yadda Masu Bi na Nijar Suka Koyi Addu'a

A shekara ta 1924 'yan mishan na SIM suka sauka a Damagaram, daga baya suka kafa aiki a Tsibiri kusa da Maradi. Yawancin waɗanda suka fara ba da gaskiya sun saba da alwala da salla cikin Larabci. Sai aka koya musu Addu'ar Ubangiji da Hausa, suna kiran Allah Uba. Wannan ya yi musu nauyi a baki, maƙwabta kuwa suna gori cewa Kirista ba sa salla. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, masu bi suka karanta Zabura, suka koyi kai kukansu ga Allah da harshensu, a gona ko a ɗaka. Bisa wannan durƙuso ikilisiya ta kafu.