Motocin da suka ratsa ƙasar Manga a 1924

Hirarmu ta yau ta tarihi ce, a kan mota zamanin Nasara.

Ran 28 ga watan Oktoba 1924, motoci 8 suka tashi daga Kolom-Beshar, cikin ƙasar Aljeriya. Kamfanin Citroën na Faransa ne ya aiko su. Shugabannin tafiyar su biyu ne, Haardt da Audouin-Dubreuil. Nufinsu su nuna wa duniya mota tana iya ratsa Afirka.

Motocin nan ba irin na yanzu ba ne. Gaba suna da taya biyu. Baya kuwa an ɗaura musu bel na roba, kamar na katafila, don kada su kafe cikin rairayi.

Da suka ƙetare hamada, suka bi bakin kogin Kwara har Yamai. Daga nan suka yi gabas zuwa Damagaram, wadda ita ce babban birnin Nijar a lokacin. Cikin watan Disamba suka ratsa ƙasar Manga, suka iso Gigimi. A zamanin ruwan tabkin Cadi yana dab da garin. Tafiyar ba ta ƙare ba sai a tsibirin Madagaskar, cikin watan Yuni 1925.

To, mota ba ta cin ciyawa kamar raƙumi. Tun kafin su taso, an riga an ajiye musu mai da kayan gyara zango zango. Hanyoyin mota na zamanin kuma, kakanninmu ne suka share su da hannu. Kumandan ya ba sarki umurni, sarki ya aika wa mai gari, mai gari ya fid da mutane. Mutum ya bar gonarsa da dabbobinsa, ya yi ta saran itace da ɗaukar ƙasa. Wannan shi ne aikin dole. Sai a 1946 aka yi dokar hana shi.

Bayan mun sami mulkin kai, cikin shekarun 1970, aka shimfiɗa gudron daga Gure zuwa Gigimi, da taimakon ƙasar Kanada.

Nasaran nan sun rubuta littafin tafiyarsu, sun yi silima, duniya ta san sunayensu. Waɗanda suka share hanya fa, wa ya san nasu? Ba su iya rubutu ba. Ku kuwa yanzu kun iya. Ku je wurin tsofaffin garinku, ku tambaye su abin da iyayensu suka gaya musu. Wa aka ɗauka aikin hanya? Daga wane gida? Kwana nawa ya yi? Ku rubuta cikin kayenku, ku kai wa malaminku, a karanta cikin aji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.