Tseren da Aka Cire wa Gudu

Duk shekara, tsakanin Mayu da Yuni, tsofaffin motoci kusan 400 kan yi jerin gwano a birnin Brescia da ke arewacin Italiya. Babu wadda samfurinta ya wuce na 1957. Akwai Alfa Romeo da Bugatti da Jaguar da Mercedes, har da ƙananan Fiat waɗanda in ka gan su sai ka rantse ba za su iya hawa tudu ba. Masu su kan zo daga ƙasashe daban-daban, mutum biyu a kowace mota, su kama hanyar Roma su dawo cikin kwana huɗu ko biyar, suna ratsa gonakin inabi da duwatsu da tsofaffin garuruwa irin su Siena, yara na ɗaga musu tuta a bakin titi. Mu da muke ganin abin a gajerun bidiyo a waya, mukan ɗauka yawon shan iska ne na masu hannu da shuni. Haka ɗin ne kuwa. Sai dai ba da shan iska aka fara ba.

Sunan taron Mille Miglia, wato mil dubu, kuma haushi ne ya haife shi. A 1921 kusa da Brescia aka yi babban tseren motoci na ƙasar Italiya karo na farko, shekara na zagayowa aka ɗauke shi aka kai Monza. Mutum huɗu, Aymo Maggi da Franco Mazzotti da Renzo Castagneto da ɗan jarida Giovanni Canestrini, suka ce to, za su yi nasu, kuma ba a killataccen fili ba. A kan hanyoyin da jama'a ke bi kullum za a yi, daga Brescia zuwa Roma a dawo, kimanin kilomita 1,600. Ranar 26 ga Maris 1927 motoci 77 suka tashi, a kan hanyoyin da da yawansu ko kwalta babu. Motar da ta zo ta ɗaya ƙirar OM ce, wadda a Brescia ɗin ake ƙera ta, ta shafe awa 21 da 'yan mintoci.

Ba a sakin motocin a tare. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, ƙananan tun da dare, manyan da asuba, kowa da agogo yake tsere. Daga baya aka mayar da lokacin tashin mota ya zama lambarta. Shi ya sa lamba 722 ta yi suna: Mercedes 300 SLR ce da Stirling Moss, ɗan Birtaniya, ya tayar da ƙarfe 7:22 na safe a 1955.

Wanda ya zauna kusa da Moss a ranar ba makanike ba ne, ɗan jarida ne mai suna Denis Jenkinson. Direbobin Italiya sun san hanyar kamar yunwar cikinsu, su kuwa baƙi ne. Don haka suka yi ta bin ta kafin ranar tsere, Jenkinson na rubuta kowace kwana da tudu da gada da mahaɗar jirgin ƙasa, yana karkasa kwanonin gwargwadon haɗarinsu. Ya kwafe duka a doguwar takarda da ta haura mita 5, ya naɗe ta cikin ɗan akwatin ƙarfe mai taga, yana murzawa tana tafiya tare da motar. Ƙarar injin ba ta bari a ji magana, sai da alamun hannu yake faɗa wa Moss abin da ke gaba. In ya nuna cewa bayan tudun nan hanya miƙe take, Moss ba ya ɗaga ƙafa daga totur, ko da yana gudun da ya wuce kilomita 250 a awa kuma ba ya ganin komai sai sama. Mu da muke rubuta manhajojin kwamfuta, wannan akwatin yakan ba mu tsoro: taswirar waya ce ba lantarki, kuma layi ɗaya in ya goce, babu damar gyara a sake gwadawa. Sun gama cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48, sun ba Juan Manuel Fangio, wanda ya tuƙa tasa shi kaɗai, ratar fiye da rabin awa. Ba wanda ya sake yin wannan gudun a hanyar.

Wannan labarin kowa na son ji. Wanda ba a cika tsayawa a kai ba shi ne na mutanen bakin hanya. Babu yadda za a yi a katange kilomita 1,600, don haka 'yan kallo kan tsaya dab da titi, wani lokaci ma su cika shi, sai mota ta matso su dare. A 1938 wata mota ta kutsa cikin jama'a a Bologna ta kashe mutum 10, bakwai daga cikinsu yara. Gwamnatin Mussolini ta hana tseren a shekarar da ta biyo. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1947, aka dawo da shi a kan hanyoyin jama'a kamar dā, motoci kuma sai ƙara gudu suke yi.

Ranar 12 ga Mayu 1957, Alfonso de Portago, ɗan sarautar Sifaniya mai shekara 28, yana cikin Ferrari, saura ƙasa da kilomita 50 ya shiga Brescia, tayarsa ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo. Ya mutu, abokin tafiyarsa Edmund Nelson ya mutu, 'yan kallo tara suka mutu, biyar yara. An gurfanar da Enzo Ferrari a kotu bisa zargin kisa ba da gangan ba, sai a 1961 aka wanke shi. Tseren kam daga ranar ya ƙare, bayan an yi shi sau 24.

Shekara 20 bayan haka, a 1977, masu sha'awar tsofaffin motoci suka farfaɗo da sunan, kuma tun 1987 duk shekara ake yi. Sharaɗin shiga shi ne motar ta kasance irin samfurin da ya taɓa shiga tseren tsakanin 1927 da 1957, abin da kan ɗaga farashin irin waɗannan motoci a kasuwar gwanjo. Gasa na nan, amma an juya ta. A wasu wurare a hanya ana shimfiɗa siririn bututun roba a kan titi, a ce wa direba daga wannan bututu zuwa wancan daƙiƙa kaza za ka yi. Taya na takawa agogo ya ɗauka, har kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Wanda ya iso da wuri ya yi asarar maki kamar wanda ya makara. Na kusa da direba har yanzu yana riƙe da littafin hanya da agogo, kamar Jenkinson, sai dai yanzu aikinsa ya ce a rage.

A ganinmu wannan gyara ne mai kyau, kuma ba mu ga laifin wanda ya kashe dukiyarsa don mota mai shekara 90 ta ci gaba da tafiya da ƙafarta maimakon ta yi ƙura a gidan tarihi ba. Abin da ke damun mu shi ne yadda ake rabon tunawa. Lamba 722 tana kan riguna da agoguna da ƙananan motocin wasa, motar kanta tana gidan tarihin Mercedes a Stuttgart. Fim ɗin Ferrari na 2023 ya nuna hatsarin Guidizzolo, amma labarin mai kamfanin yake bayarwa. Mutum taran da suka fito kallo a ranar Lahadin nan, abin da suka samu shi ne ɗan ginin tunawa a gefen hanyar da ta taso daga Mantova zuwa Brescia, inda manyan motocin kaya ke wucewa dare da rana.